Kafin Mota Ta Bar Arlit

Matafiyin da ya tashi daga Tawa ya nufi arewa, ya ratsa Abalak, ya yada zango a Agadas, saura masa kilomita kusan 240 kafin ya shiga Arlit. Kwaltar da yake bi an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da yuraniyom ke da tsada a kasuwar duniya, don manyan motoci su hau da kayan aiki su sauko da ma'adinin zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Shi ya sa har yau ake ce mata hanyar yuraniyom. Da an bar Agadas, duwatsun Abzin suna hannun dama, shuɗi-shuɗi daga nesa, hannun hagu kuwa fili ne fetal har inda ido ya gaji. Za a wuce mararrabar Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR ke tonon kwal a Anu Araren yana bai wa mahaƙai da garuruwan jihar wuta, sannan a wuce daura da Imuraren, wajen kilomita 80 kafin Arlit, inda aka yi shekaru ana jiran buɗe wata babbar mahaƙa. A wurare da yawa kwaltar ta ɓare ta bar ramuka masu kaifin baki, har direbobi sun gwammace su sauka gefe su bi ƙasa, kowa ya buɗe tasa hanya, sai ka ga sawun taya goma jere da juna. Tafiyar da awa uku za ta ishe ta in hanya lafiya lau ce, sai ta cinye mafi yawan yini, kuma duk tsawon lokacin mota na cikin ƙura, tata da ta wanda ke gabanta.

An kafa Arlit a 1969 saboda mahaƙar SOMAIR, wadda ta fara fitar da yuraniyom a 1971. Maƙwabciyarta Akokan ta taso ne da COMINAK, wadda ta soma haƙa a ƙarƙashin ƙasa a 1978. Ruwan sama a nan ɗan kaɗan ne ƙwarai, wata shekarar ma da ƙyar ake ganin sa, zafin Mayu da Yuni kan haura digiri 45, kuma gero da shinkafa da siminti da magani duk a bayan mota suke isowa, daga kudu ko daga Aljeriya. Garin mashiga ce kuma mafita. Daga nan ake tashi zuwa Asamaka a bakin iyaka, tafiyar kilomita wajen 200, daga nan ake shiga Abzin zuwa Iferwan, tun daga 2014 kuma ake nufar Cibarakaten, inda masu neman zinariya suka yi dandazo can kusa da iyakar Aljeriya. Masu wannan zirga-zirga su ne kat-kat irin su Land Cruiser da Hilux, da tsofaffin manyan motocin Marsandi, da yawansu masu shan gazuwal, wato man dizal. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne: a wannan yanki, kula da baƙin mai da ruwan lagireto da tsabtar gazuwal da iskar da injin ke shaƙa ya wuce son ran mai mota. Hakkin fasinja ne, kuma ya kamata tasha ta tsaya a kansa kafin ta bar mota ta fita.

Hujja ta farko ita ce mafi nauyi. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a cikin hamada arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu daga yankin Kance suke a jihar Damagaram, Hausawa ne da talauci ya koro suna neman isa Tamanrasat. Motoci biyu ne suka ɗauke su. Ɗaya ta lalace, ɗayar ta sauke mutanenta ta juya neman abin gyara, ita ma ta tsaya a hanya. Ƙishirwa ce ta kashe su, gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku. A watan Yunin 2017 kuma aka samu labarin mutum 44 da suka rasu tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Maganar da ta biyo bayan waɗannan musibu kusan duka a kan fasa-ƙwaurin mutane aka yi ta, har bayan ta farkon Nijar ta kafa dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Ita motar kanta, wadda tsayawarta ce ta buɗe ƙofar mutuwa, ba ta samu rabin wannan kulawa ba. A Maraɗi ko Kano, in injin ya mutu, an yi asarar yini ne da ɗan kuɗi. Arewa da Arlit, in ya mutu, ana lissafin kwanakin da suka rage wa mutane ne da yawan jarkokin ruwan da ke ɗaure a jikin mota.

Mu fara da ƙura, don ita ce ke cin injin a ɓoye. Injin Land Cruiser da ya fi shahara a Sahara, wanda Toyota ta fito da shi a 1990 da lambar 1HZ, mai silinda 6 ne, girmansa lita 4.2. In yana juyi 2,000 a minti, yana zuƙar iska wajen lita 4,000 a kowane minti ɗaya. A ninka wannan da awannin da ake yi tsakanin Agadas da Arlit a bayan wata mota, za a gane irin aikin da ke kan takardar filtar iska. Ƙurar hamada garin dutse ce, kuma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri. Duk wadda ta tsallake filta tana shiga tsakanin ringi da bangon silinda tana gurzar su, sannan ta gangara cikin baƙin mai ta zagaya ko'ina da shi. Ba a jin ƙararta ranar da ta shiga. Sai bayan watanni mota ta fara shan mai, ta fara shuɗin hayaƙi, ta ƙi tashi da safe, a ce tsufa ne. Abin takaici, yawancin ɓarnar daga kyakkyawar niyya take fitowa. Yaron mota zai ciro filta ya buga ta a taya, ko ya kai ta wurin mai faci a hura mata iska mai ƙarfi har takardar ta tsage a inda ido ba ya gani, ya mayar da ita yana ganin ya yi aiki. Filtar da ta ɗan toshe tana rage wa mota ƙarfi ne kawai, wadda ta huje kuwa hanya ta buɗe wa yashi. Gwajin ba shi da wuya: a sa fitila a cikinta a wuri mai duhu, in haske ya leƙo ta wani wuri, ta gama aiki. A kuma shafa yatsa cikin bututun da ke bayan filta. In an ji gari a wurin, to ƙura na wucewa, ko ta takarda ko ta robar murfi ko ta wani ɗauri da gargadar hanya ta kwance. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa sama gefen gilashi yana taimakawa, musamman in yana da kwanon da ke kaɗe manyan ƙwayoyi, amma barin tazara tsakaninka da motar gaba ya fi shi amfani, kuma wannan kyauta ne.

Baƙin mai kuwa, kuskuren da aka fi yi a kansa shi ne auna shi da ido. Man injin dizal yana yin baƙi cikin 'yan kwanaki saboda toka da ƙunar gazuwal ke bari, don haka launinsa ba ya faɗin komai, sai wanda bai sani ba ya ce ai duk ɗaya ne, a bari. Ga irin wannan injin, kilomita 5,000 ne ma'aunin juye a aiki mai tsanani, kuma duk abin da masu ƙera mota ke kira aiki mai tsanani yana nan a Arlit a lokaci guda: ƙura, zafi, lodi, ƙaramar giya a cikin rairayi, da barin injin yana aiki a tsaye. Wannan na ƙarshe shi ne wanda agogon kilomita ba ya gani. Motar da ta kafe a yashi ta yi awa biyu tana ihu ba ta ƙara ko kilomita ɗaya a agogo ba, amma manta ya dahu. Haka wadda ake bari a kunne a shingen bincike ko a wurin lodi. Gazuwal mai yawan sinadarin sulfa kuma yana haifar da tsami a cikin mai, wanda ke cinye ƙarfin kariyarsa da wuri. Mai mai kauri irin 15W-40 na injin dizal shi ya dace da wannan zafi, in dai na gaskiya ne, domin galan mai kyakkyawan tambari da aka cika da tsohon mai da aka tace yana yawo a kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma arharsa ce ke tona shi. Sandar awon mai tana ba da labari ga mai duba ta kullum da safe a wuri mai daidai. In mai ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. In yana ƙaruwa da kansa yana warin gazuwal, mai na zuba ciki. In an murza shi a yatsa an ji tsakuwa-tsakuwa, a koma a binciki filtar iska. Kuma juyen da aka yi aka bar tsohuwar filtar mai a maƙale rabin juye ne.

A kan ruwa nake son in daɗe, domin a nan ne lafiyar mota da ran mutum suke sha daga jarka ɗaya. Motar da lagiretonta ke yoyo, ko take tafasa tana amai, da ruwan fasinjoji za a riƙa lallashin ta. Da farko lita biyu, an jima lita biyar, direba na fatan a kai rijiya ta gaba. In ta ƙarasa mutuwa, an riga an zuba mata abin da zai raya yara kwana biyu. Wannan kaɗai ya isa a ce tiyon lagireto da ya fara kumbura ko ya bushe ya tsattsage ba abin da za a ce "bari mu je mu dawo" ba ne. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a cika lagireto da ruwan rijiya ko na famfo tsura. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin waɗannan wurare yana ɗauke da gishiri da sinadarai, in ya yi zafi sai su kwanta su yi ɓawo a cikin siraran bututan lagireto, su kuma ci ƙarfe da tsatsa. A hankali lagireton da ya ishi injin a sanyin Janairu sai ya gaza a Mayu. Maganin ruwan da ake sayarwa a galan, mai launin kore ko ja, mutane na yi masa kallon kayan ƙasashen ƙanƙara, alhali babban aikinsa a nan shi ne hana tsatsa da ɗaga matakin tafasa. Murfin lagireto ma, ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, shi ke riƙe matsin da ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa kusa da 100, a tsakiyar tudun yashi.

Akwai wata dabara da makanikai da yawa ke alfahari da ita, wato cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu da zafi ba ta buƙatar sa. Ina ganin wannan kuskure ne, kuma dalili biyu ne. A injina da dama tamostat ba buɗe hanyar lagireto kaɗai yake yi ba, yana kuma toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin ba tare da ya je ya huce ba. In aka cire shi, wani kaso na ruwan ya daina zuwa lagireto ke nan. Na biyu, hunturun Abzin sanyi ne na gaske, kuma injin da ke daɗewa bai ɗumama ba yana cin kansa, yana kuma ɓata mai. Motar da ke zafi tana da cuta a wani wuri: lagireto ya toshe ciki da ɓawo ko waje da ƙura da ƙaiƙayin ciyawa, fanka ta daina kamawa, fanbel ya saki, ko gaskit ya fara ba da hanya. Cire tamostat ɓoye alamar ne. Direbobin hamada na ƙwarai sun san cewa tafiya a hankali cikin rairayi iska na bin bayanka ita ce mafi haɗari, don ba iskar da ke dukan lagireto. In allura ta hau, sai su juya hancin mota su fuskanci iska, su bar injin yana aiki a hankali har ya huce. Ba sa buɗe murfi yana tafasa, ba sa kuma kwara ruwan sanyi a injin da ya yi jajir, don kan injin tsagewa yake yi, kuma wannan ba ya gyaruwa a daji.

Gazuwal ta hanya biyu yake zuwa arewa. Akwai na matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, akwai kuma wanda ke tsallakowa daga Aljeriya da Libiya, inda gwamnati ke tallafa wa farashi. Ko daga ina ya fito, da zarar an bar gidan mai na gari, a duro da jarka yake rayuwa. Duron ƙarfe da ke shan rana da yini ya sha sanyi da dare yana tara gumi a ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa tare da tsatsa, kuma kowane buɗe murfi a cikin iska ƙarin yashi ne. Famfon man dizal da nozul ba su da wani man shafawa sai gazuwal ɗin kansa, don haka ruwa ko kananzir da aka gauraya yana barin ƙarfe yana gugar ƙarfe. Tsohon injin mai famfon inji yana haƙuri na wani lokaci. Sababbin Hilux da kwamfuta ke sarrafa feshin mansu, matsin da ke cikin bututunsu yana kai wa bar 2,000, kuma abin da tsohon zai haɗiye ya yi tari, su kashe su yake yi. Kariyar mai sauƙi ce: a bar duro ya kwana kafin a ɗiba, kada a zuƙo daga can ƙasa, a tace da mazurari mai ƙyalle, a riƙa tsiyaye kofin ruwan da ke ƙarƙashin filtar mai, a tafi da filta ta safaya, direba kuma ya iya fitar da iska daga layin mai da hannunsa. Fitilar gargaɗin ruwa da ke kamawa a gaban direba, wasu cire wayarta suke yi don ta dame su.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Man giya da na aksul ana duba su, musamman bayan an ratsa kori a damina, lokacin da ruwan Abzin ke gangarowa a watan Yuli da Agusta, don aksul mai zafi in ya shiga ruwa yana zuƙar sa. Giris a kowace gaɓa bayan doguwar tafiya. Bel ɗin da ke daidaita bugun injin 1HZ na roba ne, ana canza shi wajen kilomita 100,000, kuma in ya tsinke bawul da fistin karo suke yi. Wanda ya sayi mota ta hannu, agogonta a tsaye ko an taɓa shi, ya canza bel ɗin tun ranar farko.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Na farko za su ce ai Land Cruiser ba ta mutuwa, ga motocin da suka haura shekara 25 suna hawa Cibarakaten, kuma makaniken Arlit da waya da tsohuwar roba zai tayar da kowace mota. Gaskiya ne injin yana da ƙarfi: ba turbo, ba kwamfuta, ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba a jiki mai girman lita 4.2, don haka ba a matse yake ba. Gwanintar makanikan ma ba abin musu ba ce. Sai dai motocin da ake nunawa su ne waɗanda suka tsira, waɗanda suka mutu an kwance su an sayar a matsayin safaya, ba mai lissafa su. Juriyar injin kuma ita ce ke yaudarar mai shi, domin motar da ke yafe sakaci sau hamsin tana koya wa mutum cewa sakaci ba laifi ba ne, har ranar da za ta ƙi yafewa, kuma ba ita ke zaɓen wurin ba. Dabarar daji tana gyara tiyo, tana gyara wayar wuta, tana ɗaure sifirin. Ba ta gyara injin da ya kama saboda rashin mai, ko kan injin da ya tsage. Sannan motar da aka ƙera don ɗaukar kaya wajen tan ɗaya, in aka ɗora mata mutum 25 da jarkokinsu da duron mai, ta riga ta cinye rarar ƙarfin da ake taƙama da shi tun kafin ta bar gari.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, wato talauci. Rufe COMINAK ya rage kuɗin da ke yawo a gari, rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tsawaita hanyar kaya, direbobi da yawa kuma ba su suka mallaki motar ba. Mai ita yana zaune a gari yana jiran kuɗin tafiya, kuma duk abin da direba ya kashe a gareji sai ya yi bayani. Na yarda da duk wannan. Amma a yi lissafi. Injin yana ɗaukar baƙin mai wajen lita 10. Zuwa Asamaka da dawowa kilomita 400 ne, wato juye ɗaya ya ishi zuwa da dawowa 12. In mota na ɗaukar mutum 15 kowace tafiya, mutum 360 ke nan suka raba lita 10, rabon kowa bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Kuɗin wannan, har da filtoci, zai shige cikin kuɗin mota ba tare da fasinja ya ji a jikinsa ba. Abin da ke hana juye yawanci tsarin rabon kuɗi ne tsakanin mai mota da direba, inda kuɗin sabis ba shi da gurbi, sai abin da ya rage. In aka kwatanta da kuɗin janyo mota daga kilomita 200 cikin hamada da sake ɗaura injin, talaka ne ya fi kowa rashin ƙarfin ɗaukar sakaci.

Wasu kuma za su ce rai da ajali na Allah ne, mota sabuwa ma tana tsayawa. Haka ne, kuma babu musulmin da zai musa. Amma mutum yana iya tawakkali da ransa, ba shi da ikon yin sakaci da na wani ya kira shi tawakkali. Matar da ta biya kuɗin mota da 'ya'yanta uku ba ta buɗe bonet ba, ba ta san murfin lagireto ba, amana ta ba da. Malaman Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasashenmu, sun ɗora wa mai sana'a, maɗinki ne ko marini, lamunin kayan mutane da suka salwanta a hannunsa, don kada mutane su riƙa wasa da abin da aka damƙa musu. In haka shari'a ta ɗauki yadi, ina ga wanda aka damƙa wa mutane.

Hujjar da ta fi taɓa zuciyar mutanen Arlit ita ce a ce: me ya sa za a ɗora wa direba laifi, alhali hanya ce ke kashe motoci? Sama da shekara 50 ana fitar da yuraniyom daga nan, a 2014 kamfanin Areva, wanda ya koma Orano, ya amince a yarjejeniyarsa da gwamnati zai ba da yuro miliyan 90 don hanyar Tawa zuwa Arlit, ga shi har yanzu matafiya na kuka da ita. Wannan fushi yana kan gaskiya, kuma yanzu da hukumomin Yamai suka janye lasisin Imuraren a Yunin 2024, suka kuma mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yunin 2025, ba sauran wanda za a jingina wa alhakin hanyar sai su. Haka ma binciken ingancin man da ake sayarwa da kama masu jabun baƙin mai aikin hukuma ne, direba ba shi da ɗakin gwaji. Amma ko an mayar da kwaltar sabuwa fil, hanyoyin da suka fi cin rai ba masu kwalta ba ne. Wuraren zinariya da ƙauyukan Abzin da rijiyoyin makiyaya za su ci gaba da zama a ƙarshen sawun taya, zafi da ƙura kuma suna nan. Lalacewar hanya dalili ne na ƙara yawan duba mota, tunda gargada ce ke kwance ɗauri, take tsaga lagireto, take girgiza dattin tanki ya hau layin mai.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ilimin da ake buƙata yana cikin garin. Mahaƙa ba ta jiran injin ya mutu. Awannin aikinsa take ƙirgawa, tana da littafin kowane inji, tana canza mai da filta ranar da lokaci ya yi ko da injin na aiki lafiya. Da COMINAK ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila, kuma a cikinsu akwai makanikan da suka yi rayuwarsu a kan wannan tarbiyya. A Agadas ga makarantar ma'adinai ta EMAIR tana yaye masu fasaha. Sandika, wato ƙungiyar direbobi, za ta iya zaunar da irin waɗannan mutane a tasha, duk motar da za ta ɗauki fasinja zuwa daji su duba ta: mai, ruwa, tiyo, fanbel, filtar iska, kofin ruwan gazuwal, safayar taya, da kayan gyaran da ya kamata a tafi da su. Aikin minti 20 ne. Kowace mota ta riƙe ɗan littafi da ke nuna ranar juye da awannin da ta yi tun daga nan.

Akwai haɗari a cikin shawarar, kuma dokar 2015 ta nuna shi. Da aka tsananta, direbobi ba su daina tafiya ba, sai suka riƙa fita da dare, suna kauce wa rijiyoyi da sanannun hanyoyi, abin da ya sa motar da ta lalace ta fi wuyar samu. In binciken mota ya zama wani sabon shinge na karɓar na goro, sakamakon zai zama iri ɗaya. Don haka ya zauna a hannun sandika da masu motoci, kuɗinsa ƙayyadadde a cikin tikiti, kuma motar da aka samu da matsala a gyara ta nan take maimakon a ci ta tara. Tun da aka soke dokar a Nuwamban 2023 motoci sun koma fita a fili, don haka akwai wurin da za a tsaya a duba su. A littafin tasha kuma a rubuta lambar mota da yawan mutane da litocin ruwan sha, daban da na lagireto, da hanyar da za ta bi da ranar da ake sa ran isarta, tare da lambar wanda za a kira a can. In ranar ta wuce da yini ɗaya ba labari, mota biyu su bi sawu da ruwa da makanike.